Malamin Kalkulas: Shaidar Wa Za A Kama?

Duk lokacin da zangon karatu na biyu ya kama a Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, akwai tambayar da ɗaliban kimiyya 'yan aji ɗaya kan yi wa na gaba da su: wa ke koyar da MTH 102, kuma yana da sakin maki? Darasin nan shi ne kalkulas, lissafin da ke auna yadda abu ke sauyawa, kamar saurin cikar tankin ruwa ko yaɗuwar cuta a gari. Yaron da ya baro Garki ko Ringim da burin karanta kwamfuta ko injiniyanci ba shi da hanyar kauce masa.

A jami'o'in Amurka da dama ɗalibi kan zaɓi malamin da zai zauna a ajinsa. A nan kuwa sashe ne ke raba darussa, wanda aka ba ka shi ne naka. Duk da haka akwai sauran zaɓi, domin ɗalibi ne ke yanke shawarar darasin ƙari da zai biya wa kuɗi, da malamin da zai bi ofis da tambaya. A kan shaidar 'yan'uwansa yake dogara, kuma yana da hujja, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai dai shaida suna ta tara. A shekarar 2010 masana biyu, Scott Carrell da James West, sun wallafa bincike a kan Kwalejin Sojan Sama ta Amurka, inda ake rarraba ɗalibai ga malaman kalkulas ba da zaɓinsu ba, manhaja ɗaya, jarrabawa ɗaya. Sun gano cewa malaman da ɗalibansu suka fi cin jarrabawar zangon, waɗanda kuma suka fi shan yabo, ɗaliban nasu sun fi shan wuya a darussan da suka biyo baya. Malaman da suka daɗe a aikin kuwa ɗalibansu ba su haskaka nan take ba, amma da tafiya ta yi nisa sai suka wuce gaba. Ana iya koya wa yaro dabarun cin jarrabawa a bar shi ba tushe, shi kuma ba zai gane an cuce shi ba sai baɗi.

Saboda haka ɗalibin da ya fito daga ɗakin jarrabawa jiya bai isa shaida ba tukuna. A nemi ɗan aji uku, wanda ya riga ya ɗora wasu darussan a kan kalkulas ɗin, ya ga ko ginin ya ɗauka. A kuma sauya tambayar. Shin malamin yana zuwa aji a kan lokaci? Yana warware misalai a allo daki-daki? Yana dawo da takardun gwaji bayan ya duba, don mutum ya ga kuskurensa? Yana sauraron mai tambaya ba tare da ya muzanta shi ba? Waɗannan abubuwa ne da ɗalibi ya gani da idonsa, shaidarsa a kansu karɓaɓɓiya ce.

Hukumomin jami'o'inmu ma suna da aiki. Ya kamata kowane sashe ya riƙa karɓar ra'ayin ɗalibai a rubuce ba tare da suna ba, sau biyu: a ƙarshen zango, da kuma bayan shekara guda. Sannan a gwama shi da sakamakonsu a lissafin aji biyu kafin a yaba wa malami ko a ja masa kunne. In ba haka ba, za a wayi gari mai rabon maki ne gwarzo, mai koyarwa tsakani da gaskiya kuma shi ne mugu.

Manomin Garki da ya sayar da gero ya biya kuɗin rajista, ilimi ya aiki ɗansa ya samo. Hakki ne a kan jami'a ta tabbatar abin da yaron ya koma gida da shi ke nan.