Waiwaye: Guɗar da Aka Yi wa Silverlight, da Abin da Ya Ci Kasuwa a Dougoï

A watan Afrilu na 2007, a birnin Las Vegas na Amurka, kamfanin Microsoft ya fito da sabon dandalin gina manhajojin intanet, ya raɗa masa suna Silverlight. Alkawarin da ya zo da shi ba ƙarami ba ne. Shafin intanet zai tashi daga rubutun da ake karantawa kawai, ya zama abu mai motsi da sauti da bidiyo, wanda mutum zai yi aiki a cikinsa kamar manhajar da aka ɗora a kwamfuta. A lokacin Flash ne ke riƙe da wannan fage. Adobe ya gaje shi bayan ya sayi Macromedia a 2005, kuma da shi YouTube ke nuna bidiyo. Wata na zagayowa, Sun Microsystems shi ma ya shelanta nasa, JavaFX. Tambaya ɗaya ta cika mujallun fasaha: masu rubuta manhaja da masu zayyana za su koma wa sabon, ko za su zauna da wanda hannunsu ya saba da shi?

Dalilin da ya sa ake haɗa waɗannan mutum biyu a tambayar sananne ne ga duk wanda ya taɓa ba da ɗinkin babbar riga. Wani ne ke zana aska takwas a jikin yadin, wani daban ne ke bin zanen da allura da zare, kuma idan ba su fahimci juna ba, mai riga ne ke kwana a ciki. Haka aikin manhaja yake. Microsoft ya ce ya samo maganin wannan rashin jituwa: mai zayyana zai yi aikinsa a Expression Blend, mai rubutu ya yi nasa a Visual Studio, su biyun su haɗu a kan fayil guda da aka rubuta da harshen XAML. Dabara ce mai kyau, ba na raina ta. Masu rubutu da C# sun yi murna, domin sun sami hanyar shiga intanet ba tare da koyon sabon harshe ba. Masu zayyana kuwa suka noƙe. Yawancinsu a kan Mac suke aiki da Photoshop da Illustrator, shi kuwa Blend sai a Windows.

Duk da haka ganga ta yi zaƙi na ɗan lokaci. Da Silverlight tashar NBC ta watsa wasannin Olamfik na Beijin ta intanet a 2008, Netflix ma ya ɗauke shi a shekarar.

A arewacin Kamaru kuwa, a wannan shekara ta 2008 aka kafa Jami'ar Marwa. Ɗalibai suka fara kwararowa daga Garwa da Kuseri da Mokolo da Yagwa, har da ƙasar Cadi, suna neman ɗakin haya a unguwanni irin su Dougoï. Intanet ɗin da suka tarar na shagon siba ne, inda ake biya bisa awa. Igiyar SAT-3 da ke ƙarƙashin teku a Duwala ta sauka, tafiyar fiye da kilomita 1,000 a mota daga Marwa, kuma abin da ke isowa arewa sai a raba shi tsakanin kwamfutoci goma ko fiye a ɗaki guda. Wutar lantarki daga madatsar Lagdo take zuwa, kusa da Garwa, mai ƙarfin megawat 72, ita ce kusan duk arewacin Kamaru ke kallo. Idan ruwan Binuwai ya ja baya da bazara, sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa.

To, a irin wannan ɗaki, mene ne Silverlight? Kafin shafin ya nuna komai, sai an sauke wata ƙaramar manhaja an dasa ta a cikin burauza. Megabayit ne 'yan kaɗan, wanda a Amurka ba a ma lura da shi, amma a nan rabon awarka ne da ka biya. Kuma masu shaguna da yawa sukan kulle kwamfutocinsu don gudun ƙwayoyin cuta, ta yadda baƙo ba shi da ikon dasa komai, ko kuma duk abin da aka dasa ya goge da zarar an kashe an kunna. Wuta ta ɗauke ta dawo, an koma gidan jiya. Ɗalibin da ya zo tura takarda ga malaminsa ba shi da lokacin wannan, rufe shafin yake yi ya wuce.

Da mutane suka fara shiga intanet daga aljihunsu ma, ba ta wannan ƙofa suka bi ba. Ƙananan wayoyin Nokia ne da Opera Mini, wadda dabararta ita ce ta aika shafin zuwa manyan kwamfutocin kamfanin, a matse shi, a rage masa nauyi, sannan a turo wa waya. Flash da Silverlight ba sa ratsa wannan matsi. Hanyar 3G kanta sai a 2014 ta shigo Kamaru ta hannun Nexttel, MTN da Orange suka biyo baya a 2015. Kafin nan an riga an gama shari'ar a can inda aka fara ta. Wayar iPhone ba ta taɓa karɓar Flash ba, kuma a Afrilun 2010 Steve Jobs ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kare wannan matsayi. A ƙarshen shekarar wani babban jami'in Microsoft, Bob Muglia, ya nuna cewa kamfanin ya karkata ga HTML5. Silverlight 5 na Disambar 2011 shi ne na ƙarshe. An daina kula da Flash ranar 31 ga Disamba 2020, Silverlight kuma ranar 12 ga Oktoba 2021.

Waɗanda suka gina muhimmin aiki a kai su suka sha wuya. Hukumar haraji ta Afirka ta Kudu, wadda wasu takardunta na cikewa ke kan Flash, dole ta fitar da burauza tata ta kanta a Janairun 2021 don jama'a su iya cike takardun harajinsu. Ƙasa guda ke nan, da kuɗinta da ma'aikatanta. Ina ga ƙaramar makaranta ko asibitin da ya biya wani matashi ya gina masa shafi, matashin ya kama gabansa? Zanen aro dai ba ya rufe katara.

A tsaya yau a gindin wata darbejiya a Dougoï, inda ake kafa tebur da laima ana cinikin kuɗin waya. Dattijo ya sauka daga babur, ya miƙa wa yarinyar da ke zaune kuɗi da wata 'yar takarda da aka rubuta lamba a jiki. "'Yata, tura wa yayanki a Ngaundare, kuɗin makaranta ne." Ta ɗauki ƙaramar waya mai madannai, wadda fentin lambobinta ya soma gogewa, ta danna #150# idan Orange ce, ko *126# idan MTN ce. Jerin zaɓi ya fito, baƙin rubutu a farin fili, ba hoto ba ado. Ta karanta masa sunan da ya bayyana. "Baba, shi ne?" Ya ce shi ne. Ta rubuta a littafinta na lissafi, saƙon tabbaci ya shigo, an gama. Wannan tsari, USSD, ya girmi Silverlight nesa ba kusa ba. Ba ya buƙatar data, ba ya buƙatar a dasa komai, kuma batirin wayar yakan kai kwanaki. Kuɗin waya ya shigo Kamaru a 2010 da 2011, daidai lokacin da Silverlight ke haɗa kayansa, kuma shi ne ya sauya yadda kuɗi ke yawo tsakanin Marwa da Garwa da kudu.

Abin da na ɗauka a nan shi ne an yi wa mutanen da ba su ne masu yanke hukunci ba tambayar 2007. Ra'ayin mai rubutu da mai zayyana yana da nauyi, amma dandali yana rayuwa ne idan ya isa hannun mai amfani, a kan wayar da yake da ita, da rezon da yake samu, da wutar da ake ba shi. Kada kuma a fahimce ni da cewa mutanenmu ba su cancanci abu mai kyau ba. Dattijon nan ya zo wurin yarinyar ne saboda jerin zaɓin da Faransanci ko Ingilishi yake, shi kuwa Fulatanci da Hausa yake ji, karatunsa na allo ne. Wannan aikin mai zayyana ne, aiki mai wuya da ya fi sa hoto ya yi juyi a allo. WhatsApp ya gane wani ɓangare na matsalar da ya kawo saƙon murya a 2013. Shi ya sa mai sayar da albasa ko fata yake cinikinsa da baki, da harshensa, ba tare da ya rubuta harafi ko ɗaya ba. Sai dai shi ma na wani ne, Facebook ya saye shi a 2014, kuma ba a Marwa ake yanke shawarar makomarsa ba.

Cibiyar nazarin Sahel ta Jami'ar Marwa ta zama babbar makarantar injiniya a 2017, Garwa ma ta sami jami'arta a 2022. Matasan da ke koyon manhaja a waɗannan wurare yanzu sunan Flutter suke ji, wanda Google ya fitar da cikakkiyar sigarsa ta farko a Disambar 2018, da alkawarin a rubuta sau ɗaya ya yi aiki a ko'ina. Ina son su koye shi, kuma yana da wani fifiko na gaske a kan Silverlight: rubutunsa a buɗe yake, kowa na iya ɗauka ya ci gaba da shi. Amma su riƙe abin da ya tsira a wancan karon. Wanda ya fahimci yadda ake tsara bayanai, ya iya HTML da JavaScript, ya san raba kamannin manhaja da aikin cikinta, bai yi asara ba ranar da aka rufe Silverlight, ya ɗauki iliminsa ya yi gaba. Wanda iyakarsa sanin inda ake dannawa a Blend shi ne ya koma farko. Kuma kafin su miƙa aiki, su gwada shi a kan itel ko Tecno mai arha, a ranar da rezo ke tangal-tangal, domin shafin da aka gina da Flutter shi ma sai ya sauke injinsa mai nauyi a burauza kafin ya nuna wa mutum allon farko.