Makarantar SAS ta Kano ta cancanci zama jami'ar Larabci

A shekarar 2020 majalisar dokokin Indiya ta zartar da dokar da ta mayar da cibiyoyi uku na koyar da harshen Sanskrit jami'o'in tarayya, biyu a Delhi, ɗaya a Tirupati. Wannan kuwa harshe ne da waɗanda suka ce shi ne harshen gidansu a ƙidayar 2011 ba su kai mutum 25,000 ba. Amma da shi aka rubuta littattafansu na addini da shari'a da lissafi, don haka gwamnati ta ɗauki nauyinsa.

Tarihin wata jami'arsu ta Sanskrit da ke Varanasi ya yi kama da namu. Turawan Ingila ne suka buɗe ta a matsayin kwaleji a 1791, har da niyyar samun malaman da za su taimaka wa kotuna da dokokin Hindu. Ta zama jami'a a 1958. A Kano ma don horar da alƙalai aka buɗe Makarantar Shari'a a 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka kawo malamai daga Sudan. A 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci, wadda kowa ya fi sani da SAS. Sheikh Abubakar Mahmud Gumi na cikin waɗanda ta yaye. A harabarta aka fara kwalejin da ta zama Jami'ar Bayero, a 1960. 'Yar ta girma ta yi gida, uwar kuwa har yau ba ta ba da digiri.

Za a ce ai akwai sashen Larabci a Bayero da Zariya da Sakkwato. Gaskiya ne, kuma suna ƙoƙari. Sai dai sashe guda a cikin sassa da dama ba zai iya aikin da ke gabanmu ba. Cibiyar Larabci ta tarayya da ke Ngala ma rikicin Boko Haram ya raba ta da mazauninta.

Aikin yana cikin birni. A Soron Ɗinki da Madabo da sauran tsofaffin unguwanni, akwai gidajen da ke ajiye da littattafan hannu a cikin gafaka da akwati: fiƙihu, nahawu, wasiƙu, takardun gado da na ciniki, wasu da Larabci wasu da Ajami. Gara da damina na cin su. Dattawan da ke iya karanta irin wannan rubutu ba tare da tuntuɓe ba suna ta raguwa, jikokinsu kuma sau da yawa ba su san abin da ke hannunsu ba. Almajirin zaure da ya sauke manyan littattafai bai da takardar shaida, mai digiri kuma ba lallai ya iya warware shafi guda na tsohon rubutu ba.

Abin da muke kira gare shi ba sauya allon bakin ƙofa ba ne, don mun ga kwalejojin da aka kira jami'a ba a ƙara musu ko kujera ba. Gwamnatin Kano ta kai ƙudiri majalisa da kasafi a bayyane. A buɗe ƙofar shiga ga ɗaliban zaure ta hanyar jarrabawa, a ɗauki malamansu aiki ko da ba su da digiri. A koyar da fassara da gyaran takardu da ɗaukar hotonsu a kwamfuta, domin wanda ya gama ya sami abin yi a kotu, ko gidan jarida, ko hukumar alhazai. Masu littattafan kuma a rubuta musu yarjejeniya cewa za a ɗauki hoto a mayar musu da kayansu.