Ciki ba cuta ba ne, amma labo ma ba ɗakin kwana ba ne

Wata ƙawata ƴar Jiratawa, wadda muka gama jami'a tare, tana sitaj a wani labo cikin Maraɗi. Da ta ga tana da ciki wata biyu, ta cire kunya ta samu shugaban wurin ta ce: "Shef, don Allah a ɗauke ni daga teburin formol da kloroform zuwa wani aikin." Ya ce mata: "Madam, ciki ba cuta ba ne. In ba ki iyawa, akwai masu jira a waje." Ta koma teburinta. Na'urar zuƙe tururi ba ta aiki in kuran ya ɗauke, taga ɗaya, takunkumi irin na korona.

To jama'a, mu yi maganar gaskiya. Takunkumin nan ba ya tare tururin sinadari. Toluwen, benzen, zaiba da dalma suna shiga jinin uwa, su ratsa mahaifa su kai ga jariri. Kuma lokacin da ya fi haɗari shi ne wata ukun farko, musamman mako na 3 zuwa na 8, sa'ad da zuciya, ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi suke haɗuwa. Ku duba fa: daidai lokacin da mace a ƙasar Hausa take ɓoye ciki, balle na fari, ko uwarta ba ta faɗa wa.

Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta ba mai ciki hutun mako 14, takwas daga ciki bayan haihuwa. Madalla. Amma hutun nan a ƙarshe yake zuwa, bayan mai aukuwa ta auku. A 2019 Nijar ta amince da yarjejeniya mai lamba 183 ta Hukumar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta ce ba a tilasta wa mai ciki ko mai shayarwa aikin da zai cutar da ita ko ɗanta. Takardar tana Yamai. A labo wa ya taɓa ganinta liƙe a bango?

Mu ƴan Maraɗi bai kamata a koya mana illar guba marar launi ba. Tibiri na nan kusa. Ruwan famfo mai yawan fuliwor ya lanƙwasa ƙasusuwan yara da yawa, shekaru ana sha kafin a rufe rijiyar a farkon shekarun 2000. Wa ke gano irin wannan? Mai awon ruwa a labo. Wa ke duba maganin ƙwarin da ake fesa wa a gandarin noman rani na Jiratawa? Su ne. Jami'armu ma sunan masanin sinadarai take ɗauke da shi, Dan Dicko Dankoulodo. Mu tura ƴaƴanmu mata su karanta fanninsa, sa'an nan mu ce su zaɓa tsakanin ciki da albashi?

Wasu za su ce, to a daina ɗaukar matan aure mana. Wannan zalunci ne na biyu. Tururin da ke cutar da ɗan tayi yana cin hantar gardi ma. Labon ne ke buƙatar gyara.

Ga abin da muke nema. A liƙa jerin sinadarai masu illa ga ciki a ƙofar kowane labo. A samu ma'aikaciyar lafiya mace da za a faɗa wa cikin sirri. A sauya wa mai ciki teburi ranar da ta faɗa, ba tare da taɓa albashinta ba, har da ƴan sitaj da masu aikin sa-kai. In na'urar zuƙe tururi ta tsaya, aiki ya tsaya. Masu binciken wuraren aiki kuma su riƙa shiga labo ba tare da sanarwa ba.

Ƙawata har yanzu tana teburin nan, cikinta ya shiga wata huɗu. In kina aiki a labo, ko matarka ko ƙanwarka, ku rubuto mana sinadaran da kuke taɓawa. Ba za mu fitar da sunan kowa ba.