Na'urar Gwajin Giya: Ma'auni Ma Yana Bukatar Awo

'Yan'uwa cikin Ubangiji, a duk rani motocinmu suna kwasar tumatir daga Kwanar Gafan da shinkafa daga Kura da Bunkure su hau hanyar Kano zuwa Zariya. Mun binne mutane da dama saboda wannan hanya, kuma kada mu ɓoye, akwai direbobinmu da ke kurɓar burkutu kafin su kama sitiyari. Saboda haka muna goyon bayan Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, idan ta sa direba ya hura na'urar gwajin giya. Gara na'ura da hancin jami'i, domin ita ba ta tambayar sunanka ko addininka.

Amma ita ma tana kuskure. Ba jini take aunawa ba, numfashi ne, daga nan ta yi ƙiyasi. Wanda ya kurkure baki da magani mai sinadarin barasa, ko ya yi gyatsa, awonsa na iya haurawa. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a jira kamar minti 15 zuwa 20 kafin gwaji. Kuma sai ana saita ta a kai a kai. A Amurka, kotun ƙolin jihar New Jersey ta ƙi amincewa da gwaji sama da 20,000 a 2018 don ba a saita na'urorin bisa ƙa'ida ba. A 2023 kuma kotun ƙolin Massachusetts ta buɗe wa mutum kusan 27,000 ƙofar neman a sake duba shari'arsu. Idan haka ta faru can, ina ga na'urar da ke yini cikin zafin Afrilu da ƙurar hunturu?

A Kano, inda shari'ar Musulunci ta haramta giya tun 2000, sunan mashayi ba ƙaramin tabo ba ne. Yana iya raba direba da mota da abincin iyalinsa.

Roƙonmu ga hukuma: a jira lokacin, a maimaita gwajin, a nuna wa direba sakamako da ranar da aka saita na'urar, wanda ya musa a gwada jininsa a asibiti. Mu kuma, kada mu ƙi hurawa, kada mu miƙa na goro. Wanda zai tuƙa, ya bar kwalba. Ubangiji ya tsare fitarmu da shigarmu. Amin.