Gyaran gida ma ciniki ne, a rubuta kafin a kwaɓa siminti

Da zarar damana ta ɗauke, kasuwar magina take buɗewa tun daga Gaya har Diffa. Katangar da ruwa ya ci a tayar da ita, rufin da ya yi yoyo a sauya masa kwano, shagon da ya tsage a ɗaure shi. Damanar shekarar 2024 ta ƙara wa wannan kasuwa zafi, domin ambaliyar ta shafi mutane sama da miliyan ɗaya a Nijar, ta rusa gidaje barkatai a jahohin Maraɗi da Damagaram da Tahoua, har tsohon masallacin unguwar Birni ta Damagaram, wanda ya haura shekara 150 yana tsaye, ya faɗi a farkon watan Satumba. Inda aiki ya yi yawa kuwa, duk wanda ya taɓa riƙe cokalin gini sai ya ce shi magini ne, duk mai babur da waya sai ya ce shi ɗan kwangila ne.

Abin da yake ba mu mamaki shi ne yadda ɗan kasuwar da ba ya barin buhun wake ɗaya ya fita daga sitonsa sai ya ƙirga ya rubuta, wanda ya san farashin canji na Jibiya da na Ɗan Isa kafin ya karya kumallo, zai ɗauki sefa miliyan biyu ko uku ya damƙa wa mutum a bakin shago, babu takarda, babu shaida, ya ce masa: je ka gyara mini gida, sai na dawo daga Kano. Ya dawo ya tarar da yashi jibge a ƙofar gida, rufi a buɗe, iyali a ɗaki ɗaya, wayar mai aiki a kashe. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, gyaran gida ciniki ne kamar kowane ciniki, kuma duk ƙa'idar da ke tsare mana dukiya a kasuwa ita ce za ta tsare mana ita a wurin gini.

Ba mu ce magina macuta ne ba. Ƙasar Hausa ta san darajar wannan sana'a tun kaka da kakanni. Falke Barmu, maginin da ya tayar da masallacin Juma'a na Yama a jahar Tahoua da tubali da laka tun daga 1962, aikinsa ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. A da, a manyan garuruwa akwai sarkin magina, wanda ya san kowane mai sana'a da wanda ya koya masa, in aiki ya ɓaci aka kai masa ƙara yakan tsawata. Yau garuruwan kan iyaka sun cika sun batse, ma'aikaci yana kwana Ƙonni ya wayi gari Illela, babu mai tsaya masa. Gurbin da sarkin magina ya bari, mai gida ne da kansa zai cike shi da bincike da rubutu.

Binciken yana farawa kafin a yi maganar kuɗi. Gani ya kori ji: a ce wa mai neman aikin ya nuna gida biyu ko uku da ya yi, kuma ya kasance waɗanda damana biyu ta daka, domin sabon fenti yana rufe kowane aibi. A je a duba kusurwar katanga ko ta tsage, a duba silin ko akwai tabon ruwa, sa'an nan a zauna da mai gidan ba a gaban maginin ba, a tambaye shi: ya gama a kan lokaci? Ya nemi ƙari bayan an yi jinga? Da aka kira shi gyara ya dawo? A san unguwar da yake zaune, a san wani dattijo ko ɗan kasuwa da zai tsaya masa. Mutum uku ne ya kamata a yi taka-tsantsan da su: wanda farashinsa ya faɗo ƙasa da na kowa nesa ba kusa ba, domin araha ba ta ado, kuma abin da ya rage a baki zai fanshe shi a siminti, wanda ya nemi rabin kuɗi ko fiye kafin ya haƙa rami, da wanda ya ɗauki ayyuka biyar a lokaci ɗaya, yana toshe ramin wancan da kuɗin wannan. Dangantaka ma ba hujja ba ce. Aikin da aka ba ɗan uwa ko suruki saboda kunya shi ya fi wuyar warwarewa in ya cuɗe.

Bayan bincike sai rubutu. Wasu suna ganin neman takarda rashin yarda ne, alhali aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, magana take a kan rubuta bashi da kafa shaidu. Takardar ba ta buƙatar lauya. Shafi biyu sun isa, da Hausa ko da Faransanci, da boko ko da ajami, muddin ta faɗi aikin ɗaya bayan ɗaya: ɗaki nawa, tsawo da faɗi, bulo mai inci nawa ko santimita nawa, rodi lamba nawa, kwano wane iri, wa zai sayi kaya, wa zai biya lebura da ruwa, ranar farawa, ranar gamawa, da abin da za a zabtare in an wuce lokaci babu uzuri. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala, shaidu biyu su sa nasu, a haɗa da kwafin katin ɗan ƙasa, kowa ya riƙe tasa. A rubuta kuɗin da lambobi, a faɗi sunansu. Mu da muke ƙirga da dala mun san ɗari a bakin ɗan Maraɗi faran 500 ce, a bakin ɗan Katsina kuwa naira 100, to yaya za a bar miliyoyi a kan maganar baka?

Wannan batu na kuɗi biyu shi ne tarkon da ya keɓanta da mu mazauna kan iyaka. Sefa tana ɗaure da yuro a kan faran 655.957, ita kuwa naira yawo take. A tsakiyar 2023 dalar Amurka tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 ta haura 1,500, a wannan watan kuma buhun siminti ya wuce naira 10,000 a wurare da yawa na Najeriya. Ga kuma iyaka da kan rufe ba sallama: Najeriya ta rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Jingar da aka ƙulla da naira a irin wannan lokaci, kafin a kai ga rufi ta narke a hannun magini, wadda aka ƙulla da sefa a kan kayan da za a sayo a Maigatari ko Illela kuwa, kowa zai ce shi ne ya cancanci ribar canjin. Saboda haka takarda ta faɗi da wane kuɗi za a biya, kuma in farashin kaya ya tashi wa zai ɗauki nauyin bambancin.

Dokar ƙasa ma tana tare da mai takarda. Kundin dokokin hulɗar jama'a da Nijar ta gada daga Faransa ya tanadi, a sashe na 1793, cewa ɗan kwangilar da ya karɓi gini a kan dunƙulallen farashi bisa tsarin da aka amince, ba shi da ikon neman ƙari da sunan tsadar kaya ko ta ma'aikata, ko da sunan sauyin da aka yi wa tsarin, sai in mai gida ya yarda da sauyin a rubuce kuma an daidaita kuɗinsa. Sashe na 1792 kuma ya ɗora masa alhakin shekara 10 in ginin ya rushe, duka ko wani ɓangare, saboda aibin aiki. Amma wanda ba shi da takardar da ke nuna wa ya yi aikin, da nawa, kuma yaushe, da me zai tunkari alƙali?

Hanya mafi tsaro a ganinmu ita ce a raba kuɗin kaya da kuɗin hannu. Sayen kaya sana'armu ce, babu dalilin da zai sa mu bar ta ga wani. Mai gida ya sayi siminti da rodi da kwano da kansa, ya karɓi rasit, ya ajiye a sito mai makulli, a riƙa fitarwa ana rubutawa. Kuɗin hannu kuma a biya shi mataki-mataki: in an gama harsashi a biya, in bango ya kai linta a biya, in an rufa a biya, in an yi shafe a biya. Kada kuɗi ya riga aiki. A riƙe wani kaso, misali ɗaya cikin goma, har ruwan farko ya sauka a ga ko rufin ya riƙe, amma a faɗi wannan tun ranar jinga, kada ya zama abin da za a ɓullo da shi ranar sallama.

Ɗan kasuwa ba sai ya zama injiniya ba, amma akwai ƙididdigar da bai kamata ta wuce shi ba. Buhun siminti kilo 50 ne, tan ɗaya buhu 20, ko na Malbaza ne, ko na Dangote, ko na BUA da ake yi a Sakkwato. Kankaren ginshiƙi da na rufi akan kwaɓa shi da kilo 350 a kowace mita mai ɗaki, wato buhu 7. Sandar rodi mita 12 ce. Kankare yana son ban ruwa na aƙalla mako ɗaya, kuma sai ya yi kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, don haka maginin da ke gaggawar cire katakon da ya tallafe rufi domin ya kai wani wurin aiki, ran mutanen gidan yake wasa da shi. Bulon da ya marmashe in an murza shi da yatsa, yashi ne aka yi wa turaren siminti. Tun da harka ba za ta bar mu mu zauna ba, a naɗa wakili ɗaya tak, a faɗa wa magini cewa maganarsa ce magana, ya riƙa aiko da hoton aiki ta waya kowace yamma, musamman hoton rodi kafin a zuba kankare, domin abin da kankare ya rufe ya rufu ke nan.

Adalci ya sa mu faɗi ɗaya gefen. Rigima da yawa daga mai gida take tasowa. Wani ya ga kasuwar albasa ta buɗe, ya juya kuɗin ginin can, ya bar ma'aikata mako uku ba biya, sa'an nan ya yi fushi don sun tafi wani aiki. Wani kowace safiya da sabon tsari: a matsar da ƙofa, a ƙara taga, uwargida ta ce a faɗaɗa madafa, kuma yana so farashi ya tsaya inda yake. Duk sauyi a rubuta shi a bayan takarda da kuɗinsa, kowa ya sa hannu. Wanda yake so a cika masa alkawari, shi ma ya cika nasa a ranar da ya ɗiba.

In duk da haka rigima ta taso, abu na farko a tsayar da biya, amma kada a kori mutum da zagi, kada a ƙwace masa babur ko kayan aiki, kada a tura masa matasa, domin nan take mai gaskiya zai koma wanda ake tuhuma. Kada kuma a yi saurin kawo wani magini ya rushe ko ya rufe aikin, domin shi ne shaida. A ɗauki hotuna, a kira wani gwani da ɓangarorin biyu suka yarda da shi ya auna abin da aka yi da abin da ya rage, ya yi masa kuɗi. In dukiyar tana da yawa, a nemi husiye, ma'aikacin shari'ar da rahotonsa ke da nauyi a kotu, ya zo ya rubuta halin da ginin yake ciki, ya kuma kai wa ɗan kwangilar takardar gargaɗi mai wa'adi. Daga nan a zauna da shaidu da wanda ya tsaya masa. In ba a daidaita ba a je wurin mai unguwa ko hakimi, tun da doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sulhunta mutane, kuma a nemi a rubuta sulhun a takarda. Kotu ita ce ta ƙarshe.

A nan ne mutane da yawa suke ɓata lokaci da kuɗi. Jinkirin aiki ko rashin kyansa ƙarar neman haƙƙi ce, wurin alƙali ake kai ta. Jandarma da ɗan sanda ba masu karɓar bashi ba ne, kuma tsare magini kwana biyu ba ya rufa ɗaki. Amma wanda aka damƙa wa siminti ko rodi domin aikinka ya karkatar da su ya sayar, wannan cin amana ne, laifi ne da dokar hukunta laifuka ta sani, kuma rasit da littafin sito su ne za su tabbatar da shi. In kuwa mutumin ya tsallaka iyaka, sammacin kotun Maraɗi ba ya bin sa Katsina cikin sauƙi. A irin wannan hali, dattijon da ya tsaya masa tun farko ya fi kowace takarda amfani.

Kiranmu na ƙarshe ga ƙungiyoyin ƴan kasuwa ne na Ƙonni, Maraɗi, Matamaye, Magarya da Gaya. Kamar yadda kowace kasuwa ta san direban da ake ba amanar kaya da wanda ba a ba shi, haka ya kamata a buɗe littafi a ofishin ƙungiya, a riƙa rubuta maginan da kafintocin da suka yi aiki suka cika alkawari, tare da sunan wanda ya shaide su, a kuma tanadi samfurin takardar jinga da Hausa wadda kowa zai iya kwafa ya cike. Wannan zai amfani magina na ƙwarai kafin kowa, domin su ne baragurbi ke ɓata wa suna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Allah ya tsare mana dukiya da mutunci, ya haɗa mu da masu amana.