SHARHI: Atisayen ficewa daga gini: inda doka ta sa adadi da inda ta bar mazauna Agege

Gobarar da ta tashi a ginin Afriland da ke titin Broad a tsibirin Legas ranar 16 ga Satumba, 2025, ta yi sanadin mutuwar mutum 10. Wutar ta faro ne daga ɗakin ajiye batura a ƙasan ginin, hayaƙi ya turnuƙe benayen, har aka ga ma'aikata suna dirowa ta tagogi. Lamarin ya sake tayar da batun atisayen ficewa daga gini, wato gwajin da ake yi na kwashe mutane cikin tsari tun kafin haɗari ya auku. Batu ne da ya shafi mazauna Agege, unguwar da Hausawa suka daɗe da kafuwa a cikinta ta sanadin fataucin goro da dabbobi, kamar yadda ya shafi masu aiki a dogayen benaye.

A ƙasashen da suka tsara wannan fanni, yawan atisayen ya danganta ne da irin mutanen da ke cikin wuri. Ƙa'idojin kashe gobara da jihohi da yawa na Amurka ke bi sun wajabta wa makarantu yin atisaye sau ɗaya a kowane wata muddin ana zangon karatu, domin yara na saurin ruɗewa, kuma duk shekara akan samu sababbin ɗalibai. A asibitoci kuwa, ana yi ne duk bayan wata uku ga kowane rukunin ma'aikata, har da masu kwanan aiki, saboda majinyacin da ke kwance ba ya iya fitar da kansa.

A teku, yarjejeniyar SOLAS ta tanadi cewa kowane ma'aikacin jirgin ruwa ya shiga atisayen gobara da na barin jirgi aƙalla sau ɗaya a wata, jiragen fasinja kuma duk mako. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta gindaya wa filayen jirgi yin cikakken atisaye kafin cikar shekara biyu. Kenya, a dokokinta na 2007, ta ce kowane wurin aiki ya yi aƙalla sau ɗaya cikin wata 12. A Ingila dokar 2005 ba ta ambaci adadi ba, amma abin da aka saba bi shi ne sau ɗaya a shekara a wuraren aiki, sau ɗaya a kowane zango a makarantu.

Ma'aunin da ya haɗa waɗannan ƙa'idoji a bayyane yake. Idan mutanen da ke cikin gini ƙanana ne, ko marasa lafiya, ko masu kwana a ciki, ko baƙin da ba su san ƙofofinsa ba, ana ƙara yawan gwajin.

A Najeriya, Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta samar da hanyar tsira, ta hana kulle ƙofa alhali ma'aikata na ciki, ta kuma buƙaci su san abin da za su yi idan wuta ta tashi. Sai dai ba ta faɗi sau nawa za a gwada hakan ba, kuma hurumin ta masana'anta ne kawai. Ko a nan ɗin ma, gobarar masana'antar robobi ta Ikorodu a Satumban 2002, wadda gomman ma'aikata suka mutu a cikinta bayan rahotanni sun ce an kulle su, ta nuna nisan da ke tsakanin rubutacciyar doka da aiki da ita. Jihar Legas ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 2011, ga hukumar kashe gobara da kuma LASEMA, amma ma'aikatan da ke zaga manyan ofisoshi da otal-otal ba za su wadatar da kowane lungu na birnin ba.

Idan aka ɗora ma'aunin da aka ambata a kan Agege, wuraren da suka fi buƙatar atisaye su ne waɗanda babu mai tilasta musu. Akwai makarantun Islamiyya da na allo da ke cikin gidajen haya, wasu a saman bene mai matakala ɗaya. Akwai kasuwanni masu ƙunƙuntar layuka, inda janareto da jarkokin fetur da tukwanen gas ke maƙwabtaka da kayan da ke saurin kama wuta. Akwai masallatai da ke cika maƙil ranar Juma'a, da gidaje masu ɗakuna a jere da zaure guda, tagogi duk an ɗaure da ƙarfe don tsoron ɓarayi. Filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja, maƙwabciyar Agege, yana da lokacin atisaye da aka ƙayyade masa. Yaron da ke kwana a tsangaya a Zangon Agege bai da shi.

Tarihin yankin ya isa izina. Ranar 27 ga Janairu, 2002, rumbun makamai na barikin sojoji na Ikeja ya fashe, fiye da mutum 1,000 suka rasu. Da yawa daga cikinsu ba bam ne ya kashe su ba: sun faɗa magudanar ruwa ta Oke-Afa ne yayin da suke gudu ba tare da sanin inda suka dosa ba. A Disamban 2006 fashewar bututun mai a Abule Egba ta halaka fiye da mutum 200. A Maris 2020 kuma, fashewar Abule Ado ta rutsa da makarantar 'yan mata ta Bethlehem, inda shugabarta, Henrietta Alokha, ta rasu wajen fitar da ɗalibanta.

A ƙasar Hausa ma an ɗanɗana wannan baƙin ciki. A Nuwamban 2021 yara aƙalla 25 sun ƙone a azuzuwan zana a Maraɗi, a Fabrairun 2025 kuma almajirai 17 suka rasu a gobarar dare a Ƙaura Namoda ta Jihar Zamfara.

Gyara na dindindin yana hannun Majalisar Dokokin Legas da hukumomin jihar: a rubuta adadi ƙarara ga kowane irin wuri, a sa makarantu masu zaman kansu da kasuwanni a ciki, a kuma sanya shaidar yin atisaye cikin sharuɗɗan sabunta lasisi. Amma kafin nan, fadar Sarkin Hausawan Agege da limamai da shugabannin kasuwa suna da ikon da mai duba gini ba shi da shi, domin su jama'a ke jin maganarsu. Za su iya tsayar da atisaye sau ɗaya a kowane zango a makarantu, da ƙarin na dare ɗaya inda yara ke kwana, sannan sau biyu a shekara a kasuwa, ɗaya kafin shigowar hunturu. Ofishin kashe gobara na Agege yana kusa, ana iya gayyatar jami'ansa su sa ido.

Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba: ƙararrawa ko usur, ƙofa ta biyu da ba a kulle ba, filin da kowa ya san nan za a taru, rajistar ƙirga yara, da haddace lambobin gaggawa na Legas, 112 da 767. Atisayen da aka yi da kyau bai wuce minti 15 ba, kuma shi ke tona ƙofar da ta maƙale ko matakalar da aka cika da kaya tun ana da sararin gyarawa.