Zoɓo da Hawan Jini: Taimako Ne, Ba Waraka Ba

Manoma da dama a ƙasar Gwaram da Birnin Kudu kan shuka yakuwa a gefen gonakin gero da dawa. Ganyenta na shiga miya, 'ya'yanta a yi daddawar batso da su, jan furen kuwa, wato zoɓo, a dafa a sha. Dattawa sun daɗe suna cewa yana saukar da hawan jini. Shin akwai ƙanshin gaskiya a wannan magana?

Akwai. Jinin ɗan Adam yana gudana ne cikin jijiyoyi masu buɗewa da tsukewa. Idan suka tsuke, dole zuciya ta ƙara ƙarfin bugawa, sai jini ya hau. Sinadaran da ke ba zoɓo launin ja suna taimaka wa jijiyoyin su saki, kuma shansa na ƙara fitar fitsari. A shekarar 2010 masana a Jami'ar Tufts ta Amurka sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi da mutum 65 masu hawan jini mara tsanani. Waɗanda suka sha kofi 3 na zoɓo kullum har mako 6, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kimanin 7.

Sai dai saukar 7 ba za ta wadatar da wanda awonsa ya kai 180 ba. A nan ne haɗarin yake. Hawan jini ciwo ne mai shiru, wanda sau da yawa ba ya nuna alama sai ya kai ga shanyewar ɓarin jiki ko lalacewar ƙoda. Duk wanda ya ajiye ƙwayoyin asibiti ya dogara da zoɓo kaɗai, ya yi sakin na hannu. Haka kuma zoɓon kasuwa da aka cika da sukari na iya jawo wata sabuwar matsalar.

Saboda haka bai kamata a raina gadon iyaye ba, bai kuma dace a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba. A sha zoɓo ba sukari mai yawa, a rage gishiri, mai shan magani da mai juna biyu su fara tuntuɓar likita. Ɗalibin da ya raka mahaifinsa asibiti aka auna jininsa, aka ga ko ya haura 140 bisa 90, ya yi aiki da darasinsa na kimiyya.